Jinin jarirta da auren ƴata

Shekaru tara da suka wuce ina da wani ɗalibi a aji shida a Tasawa wanda duk lokacin hunturu sai ya ɓace mako biyu ko uku. Na ɗauke shi malalaci, har na taɓa tsayar da shi a rana don horo. Ranar da uwarsa ta zo ta ce mini amosanin jini gare shi, wato sikila, na rasa inda zan sa kaina. Kunyar ranar ce ta kai ni awon jini, aka ce mini ni AS ne. Daga baya aka auna ƴata ta fari, ita ma AS.

Tun lokacin nake bin labarin wannan ciwo. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jaririn da aka haifa da SS ba ya nuna alama sai wajen wata shida. Dalili kuwa, a cikin ciki jiki yana ƙera wani irin sinadarin jini na daban, wanda ba ya lanƙwasa jajayen ƙwayoyi su zama kamar lauje. Da yaro ya fara girma, wata ƙwayar halitta mai suna BCL11A takan rufe wannan jini na jarirta, sai na gado ya karɓi wuri, ciwo ya taso.

Masana sun samo hanyar sake buɗe shi. Da dabarar CRISPR, wadda ta sa Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka sami kyautar Nobel a 2020, ana ciro ƙwayoyin ɓargon mara lafiya, a gyara makunnin nan, a mayar masa. Ingila ta amince da maganin, Casgevy, a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, fiye da miliyar guda na sefa. Babu manomin gero a Mayahi da zai ji wannan kuɗi ya sa rai.

Amma akwai binciken da ya fi kusa da mu. A asibitin koyarwa na Aminu Kano an gwada tsohon magani mai sauƙin kuɗi, hydroxyurea, wanda shi ma jinin jarirtar yake ƙarawa, aka ga yana kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo. Mafi araha duka shi ne awo kafin aure. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kowane ciki ne, ba wai yaro ɗaya cikin huɗu ba, don haka gida ɗaya na iya samun uku a jere.

Bana ɗan yayata da ke Mayahi ya nemi ƴar tawa. Na ce a yi awo tukuna, kafin a kawo kaya. Yaya ta ce mini: "Malam, bokonka ne zai raba zumunci? Mu da iyayenmu wa ya auna mu?" Na ce: "Yaya, ba a auna mu ba, amma ki tuna ƙannenmu biyu da aka binne ba su kai shekara biyar ba, ba mu san me ya ɗauke su ba." Ta yi shiru, ta tafi ba sallama.

Yaron ya yarda zai je Maradi a auna shi. In aka ce AA, alhamdulillahi, a ɗaura. In aka ce AS, zan zaunar da su biyun in yi musu lissafin kamar yadda nake yi a allo, kuma na san hakan na iya jawo mini fushin Yaya na shekaru.

Ƴan uwana malamai, kafin mu hori yaron da ke yawan fashi da sanyi, mu tambayi gidansu. Mu bar shi ya sha ruwa a aji, mu zaunar da shi nesa da taga.