Injin da Na Zaɓa wa Motata

Duk wanda ya tashi a Dutse ya san motar langa-langa. Mun yi ta da gwangwanin madara, mun yanka tsohon silifa mun yi tayoyi, mun ja ta da zare a kan rairayi. Da na shiga ajin kimiyya, sai na ƙudura zan ƙera wadda za ta tafi da kanta, ina sarrafa ta da rimot, domin tseren da ƙungiyarmu ta JETS ta shirya.

Na sami rimot daga wata motar wasa da ta lalace, saura inji. Kuɗina bai kai ba, don haka ƙanena ya fasa asusunsa ya ba ni. Ranar kasuwar Shuwarin muka je wurin wani tsoho mai gyaran rediyo. Ya fito da injuna biyu, ya jona wa kowanne batir huɗu, wato bolt 6. Na farko na tsohuwar rediyo mai kaset ne, yana juyawa a natse. Na biyu kuwa sai kuka yake kamar zai tashi sama.

Tsohon ya ce, "Ɗana, a ina za ka yi tseren?" Na ce, "A filin makaranta, Baba." Ya ce, "To, ai yashi ne." Ya bayyana mini cewa a cikin kowane inji akwai wayar tagulla da aka nannaɗe. Idan wayar mai kauri ce kuma naɗin kaɗan ne, injin zai yi gudu ƙwarai, amma zai sha batir, ya yi zafi. Idan siririya ce mai naɗi da yawa, ba zai yi gudu sosai ba, amma zai jure. Na ji shi da kunne kawai. Na biya kuɗin mai kukan nan, muka dawo gida.

Ranar tsere na haɗa injin kai tsaye da sandar tayoyin baya. A kan simintin baranda motar ta yi gudu har ɗalibai suka yi tafi. Da ta sauka a yashi, sai ta cije. Na ci gaba da danna rimot. Ban san cewa injin da aka hana juyawa shi ne ya fi jan wuta ba. Can sai warin ƙuna ya tashi. Ƙanena ya dube ni ya ce, "Yaya, kuɗina ke nan?" Na rasa bakin magana.

Da hutu ya zo na yi aikin yankan riɗi har na mayar masa da kuɗinsa, na kuma koma wurin tsohon na sayi injin kaset ɗin. Malaminmu na fizik ya nuna mini abin da na manta. Muka sa ƙaramar gargare a bakin injin, babba a sandar tayoyi, wadda ta ninka ta sau 3, muka haɗa su da roba. Gudu ya koma kashi ɗaya cikin uku, ƙarfin juya taya ya ninka kusan sau 3. Motar ta ratsa yashin nan ba tare da tsayawa ba.

Daga baya na gane cewa masu tseren motocin rimot a Amurka da Turai ma da wannan lissafi suke aiki. Yawancin motocinsu kashi ɗaya cikin 10 ne na girman motar gaske, kuma ana rubuta yawan naɗi a jikin inji. Mai lamba 10.5 ya fi mai 17.5 gudu, amma ya fi shi zafi da cin batir. Su ma sai sun duba filin kafin su zaɓa.

'Yan'uwana ɗalibai, kada mu raina motar langa-langa. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana motar Chevrolet Volt wadda kamfanin General Motors ya nuna a 2007. Amma kafin mu kai can, mu koyi sauraron waɗanda suka riga mu. Sauri ya haifi nawa. Yanzu ƙanena ne ke riƙe rimot ɗin, ni kuwa ina bin motar a baya ina kaɗe mata yashi.