Aikatau Ba Ya Tafiya Shi Kaɗai

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a tsakaninmu ɗalibai, wato haddar manyan kalmomin Turanci da zarar jarrabawa ta ƙarato. Sai ka ga mutum ya raba shafi biyu, a hagu ya jera aikatau irin su "mitigate" da "exacerbate", a dama ya rubuta fassararsu, yana ta bita kamar mai tilawa. Ban ga laifin wannan himma ba. Turanci dole ne a jarrabawar JAMB ko da Hausa mutum zai karanta, kuma wanda bai sami kiredit a cikinsa ba sai ya ga jami'a daga nesa. Mai neman ƙaro ilimi a Ingila ko Amurka kuwa, IELTS ko TOEFL ko GRE suna can suna jiran sa. Abin tambaya shi ne, shin hadda ita kaɗai tana fid da mutum?

Ni dai a ajin nahawun Hausa na tsinci hanyar da nake bi. A nan ne aka koya mana yadda F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa giredi bakwai a shekarar 1960. Ɗauki saya, sayo, saye, sayar da sayu. Saiwa ɗaya ce, ɗafa-ƙeya ne yake juya ma'ana. To, manyan aikatau na Turanci ma haka suke, sai dai su ɗafa-goshi ne yake wannan aiki. Yawancinsu daga Latin suka samo asali, da dama kuma ta hanyar Faransanci suka shiga, bayan da mutanen Normandi suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Saiwar "mit" aikawa take nufi. Saboda haka "transmit" shi ne aikawa daga nan zuwa can, "emit" fitar da abu kamar haske ko hayaƙi, "remit" aika kuɗi, "submit" kuwa miƙawa ko miƙa wuya. Wanda ya riƙe saiwa goma da ɗafa-goshi goma ya fi wanda ya haddace kalma ɗari a warwatse. Amma fa saiwa 'yar jagora ce kurum, domin ba za ta gaya maka cewa "omit" tsallakewa yake nufi ba.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi muhimmanci, shi ne sanin abokan tafiyar aikatau. Mu ƙaddara wani Bature ya haddace cewa "ci" shi ne sa abinci a baki a haɗiye. Yaya zai yi ran da ya ji an ce wane ya ci amana, ko ya ci bashi, ko ya ci jarrabawa? Halin da muke shiga ke nan. Kalmomin "alleviate" da "mitigate" da "assuage" da "abate", duk mai hadda zai rubuta "rage" a gabansu, mai shirya tambaya kuwa sai ya jero su huɗun ya ce a zaɓi ɗaya. Alhali na farko da talauci ko zafin ciwo yake tafiya, na biyu da illa ko ɓarna, na uku da tsoro ko damuwa. Na huɗun galibi ƙi-karɓau ne, daidai da "lafa" a Hausa. Iska ce take lafawa da kanta, ba wanda yake cewa ya lafa iska. Haka nan akwai 'yan ƙananan kalmomin da suke manne wa wasu aikatau: "comply with", "abstain from", "accede to". Wanda ya bar 'yar ƙaramar ya ɗauki babbar ya sayi doki ba linzami. Ƙamus ɗin A. S. Hornby, wanda Oxford ta buga a 1948, ya yi suna ne saboda yana nuna wa mai koyo irin wannan ginin jimla. Masu shirya jarrabawa ma nan suka karkata, domin tun 2011 GRE ta daina tambayar kishiyar kalma tsurarta, sai a cikin jimla.

Ga yadda nake yi. Kowace rana aikatau biyar nake ɗauka, ba na ƙarawa. Daga jerin da Averil Coxhead ta fitar a 2000 nake tsamo su, wanda ya ƙunshi dangin kalmomi 570 da suka fi yawo a littattafan ilimi. Kowanne sai in rubuta shi a cikin jimlar da na tsinta a jarida ko littafi, in ja layi a ƙarƙashin karɓau, sannan in ƙirƙiro tawa jimlar a kan abin da na sani, kamar noman gero ko tsadar taki. In duba washegari, in sake dubawa bayan kwana uku, sannan bayan mako. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, kuma bita a rarrabe ta fi ta zama ɗaya amfani. Bahaushe ma ya riga ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yan'uwana ɗaliban Hausa, kada wani ya sa mu ɗauka cewa fanninmu cikas ne wajen koyon Turanci. Wanda ya san aikau da aikatau da karɓau a harshen uwarsa, ya riga ya san inda zai sa ido a harshen wani. Allah ya ba mu sa'a, amin.