Kuɗin kwangila ba duka naka ba ne

Yaran yanzu da zarar sun ji an biya ɗan kwangila miliyan biyu a aiki guda, sai su raina albashi. Ni na ɗanɗana duka biyun: na yi aikin wata a kamfani, daga baya na koma cin gashin kaina da aikin wayarin.

Mai albashi ba ya ganin harajinsa da ido, ana yanke shi tun kafin kuɗin su faɗo asusu. Haka fansho. Tun gyaran dokar da aka yi a 2014, ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai kamfani ya ɗora kashi 10 daga aljihunsa. Wannan goman ce ba a sakawa a lissafi. Ranar da ka ajiye aiki ta tafi, ta tafi da hutun shekara da kuɗin asibiti. Zazzaɓi ya kwantar da kai mako guda, mako guda ke nan babu ko sisi.

Miliyan biyun kuwa, bari in warware maka ita. A ciki za ka sayi waya da soket, ka biya yaran da suka fasa bango, ka zuba mai a mota. Wanda ya ba ka aikin zai riƙe wani kaso na haraji ya miƙa wa gwamnati da sunanka. In ba ka bi ka karɓi takardar shaida ba, an yanke ka a banza, domin da ita ake rage maka harajin shekara. Sannan jiran biya. Na taɓa yin watanni ina zarya a wani ofis, kullum fayil ɗina yana "teburin oga", yaran aiki kuma suna ƙofar gidana da asuba. Kafin kuɗin su fito, farashin waya ya tashi.

Duk da haka ban yi da-na-sanin barin albashi ba. Naira 70,000 da aka yanka mafi ƙarancin albashi a 2024 ba ta riƙe gida.

Amma ɗana, in za ka bar aikin albashi, ka buɗe asusu biyu, kada kuɗin aiki su haɗu da na cefane. Ka yanki lambar haraji, ka riƙa biya, don ba a ba da kwangilar gwamnati sai da shaidar biyan shekara uku. Tun 2019 akwai tsarin fansho na masu sana'ar kansu. Ka shiga tun gwiwarka tana iya hawa tsani.