Murfin akwatin kifin auta

Duk wanda ya yi bazara a Garwa ya san Maris da Afrilu. Zafi kan haura digiri 40, ka dafa ƙofar shago ka janye hannu. A irin wannan lokaci ne bara autata ta tare ni a ƙofar gida, ko takalmi ban cire ba: "Baba, kifayena suna haki."

Akwatin gilashi ne na saya mata da ta kai izu 30, da 'yan kifaye takwas irin waɗanda ake kira gupi. Na leƙa, duk sun taso sama suna buɗe baki. Murfin da ya zo da akwatin na gilashi ne, ya kulle zafi a ciki kamar tukunya. Ruwa kuwa in ya ɗumama, iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa raguwa take yi. In cire murfin, ga magen maƙwabta, kuma kifin kan yi tsalle ya faɗo ƙasa.

Sai na ce raga ce maganin abin. Akwai sabon gidan sauro a ɗaki, irin wanda ake rabawa kyauta. Na yanko, na ɗaure da roba, tsakiyarsa na ɗan taɓa ruwan. Har ina yi wa uwargida alfahari cewa ko dala ban kashe ba.

Da asuba biyar sun mutu.

Wallahi na sha'afa cewa irin wannan gidan sauron da magani a jikin zarensa. Abin da ke kashe sauro, ɗan kaɗan ɗinsa ya isa kashe kifi. Yarinya na kuka tana cewa ita ce ta cika musu abinci. Na so in yi shiru, don ba ƙaramin abu ba ne mutum mai furfura ya ce wa 'yar shekara 11 shi ya yi ɓarna. Na dai faɗa mata. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ukun da suka rage muka kwashe a bokiti, muka wanke akwatin tas. Murfi na biyu tare muka yi. Na karɓo guntayen katako wajen kafinta, na sayo ragar taga ta roba wadda ba magani, muka wanke ta. Ƙusoshin ta sama na buga su, kada tsatsa ta ɗiga ciki, ban kuma shafa fenti ba. Muka ja akwatin nesa da taga, fanka na busa saman ruwan in akwai wuta.

Sai dai ruwan na saurin ƙafewa yanzu. Auta ta manna salatif a inda ya kamata ya tsaya, kullum tana cikawa da ruwan famfon da ya kwana a bokiti. Gupi haihuwa suke yi, ba ƙwai ba, kafin damina ta ƙirga 'ya'ya 14. Har yau in na matso kusa da akwatin sai ta ce, "Baba, me ke hannunka?"