Na Yi Ta Cewa "Sai An Kwana Biyu" Har Yaron Ya Girma

Shagona yana Kantin Kwari, gidana kuma yana wajen Sheka, saboda haka shekara da shekaru ta Titin Gidan Zoo nake bi safe da yamma. Kullum sai na gifta ta ƙofar gidan namun dajin nan da aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, amma bai taɓa zuwa mini a rai in shiga da 'ya'yana ba. A lissafina na wancan lokacin, aikin uba shi ne cefane, kuɗin makaranta, kuɗin magani da ɗinkin Sallah. Idan na sauke waɗannan, na fita haƙƙi. Fita shan iska da iyali kuwa na ɗauke ta al'adar ma'aikata masu hutun ƙarshen mako. Ɗan kasuwa ba shi da Asabar, haka nake faɗa, har da alfahari.

Babban ɗana ya fara roƙona tun yana ajin farko na firamare. "Abba, yaushe za ka kai mu mu ga zaki?" Amsata ba ta wuce "sai an kwana biyu" ko "bari kasuwa ta lafa." Idan Sallah ta zo sai in ƙirga kuɗi in ba kawunsu, a ɗaukar musu A Daidaita Sahu su tafi yawon Sallah, ni kuma in zauna a majalisa ina jin na yi abin kirki.

Da mahaifiyarsu ta matsa, na taɓa kai su Gidan Zoo da kaina, kuma na zaɓi washegarin Sallah, ranar da kowa ke zuwa. Jama'a maƙil, ƙura ta tashi, ga rana. Hannuna ɗaya riƙe da yaron, ɗaya riƙe da waya, ina ciniki da wani mai saro atamfa daga Maraɗi. Da muka iso wurin jimina sai yaron ya toge. Ya tsugunna yana leƙen ƙafarta, ya ɗago ya ce, "Abba, yatsunta biyu ne kawai!" Gaskiya ya faɗa, jimina yatsu biyu gare ta a kowace ƙafa, abin da ni da girmana ban taɓa lura da shi ba. Ya ƙara da cewa, "To in tana da fiffike, me ya hana ta tashi?" Ban ko cire wayar daga kunne ba. Na finciko hannunsa na ce, "Kai, mu je." Haka na riƙa kora su daga keji zuwa keji kamar mai kora awaki kasuwa, muka tsaya aka ɗauke mu hoto a bakin ƙofa, muka dawo gida. Na daɗe ina nuna hoton nan a matsayin shaidar cewa ni ma ina fita da yarana.

Shekaru suka tura. Allah Ya buɗa, na sayi mota, na sami yaran shago da zan iya bar wa kasuwa. Wata Juma'a da safe na shigo tsakar gida cike da farin ciki na ce kowa ya shirya, yau za mu fita. Ƙananan suka hau tsalle. Babban, wanda a lokacin ya kusa gama sakandare, ya zo ya rusuna a gabana cikin ladabi ya ce, "Abba, ku je da su kawai. Ni akwai ƙwallon da za mu buga, abokaina suna jirana."

Da ya yi fushi ko ya ɓata rai, da abin ya zo mini da sauƙi, domin mai fushi yana sa ran wani abu ne a wurinka. Ba ko ɗaya a fuskarsa. Ya faɗa ne kamar yadda ake ba baƙo haƙuri. Na tsaya da makullin mota a hannu ina kallonsa yana ɗaure takalmi, na yi ta laluben ranar da ya daina tambayata zancen zaki, na kasa tuno ta. Ya daina ne shiru, ni kuma a lokacin na ji daɗi, na ɗauka hankali ya yi. Ashe fitar da rai ya yi. Ranar na tuƙa motar ina amsa surutun ƙannensa da baki, zuciyata tana can wurin wanda ya ƙi zuwa.

Na daɗe ina kare kaina da cewa ni ma mahaifina, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa kai ni ko'ina ba, kuma ga ni na zama mutum. Sai daga baya na gane Kanon da na tashi a ciki daban take da ta 'ya'yana. Mu muna da dandali, muna da fili a bayan unguwa, muna hawa ganuwa, muna langa da ƙwallon tsumma har magariba. Garin ne da kansa yake fitar da mu. Yau an yanka filayen an yi gidaje da shaguna, kowane gida da katanga da ƙofar ƙarfe. Yaro ya tafi boko da safe, Islamiyya da yamma, hadda ranar Asabar da Lahadi. Abin da ya rage masa shi ne talabijin da wayar uwarsa. A irin wannan gari, yaron da ubansa bai fitar da shi ba sai dai ya jira ya girma ya fitar da kansa, da abokan da ba kai ka zaɓa masa ba.

Da ƙananan na canza hali, kuma na ga abin ba ya cin kuɗin da nake tsoro. Mun hau Dutsen Dala da sanyin safiya, autata tana ƙirga matakala tana ɓacewa tana sake farawa. Daga sama suka hango Goron Dutse da koriyar kubbar Babban Masallaci, suka yi ta gardamar ina gidanmu yake. Mun shiga Gidan Makama, inda na ba su labarin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Mun tsaya a karofin Ƙofar Mata suna kallon yadda ake tsoma farin yadi a baba a fito da shi, ya yi ta komawa shuɗi a gaban idonsu. Gidan Zoo kuma na daina zuwa da Sallah. Ranar da ba cunkoso muke zuwa, da tabarma da gurasa da zoɓon gida, wayata a aljihu. Inda yaro ya tsaya, nan nake tsayawa, ko da kunkuru yake kallo.

Babban yana jami'a yanzu. Muna gaisawa lafiya, yana girmama ni, amma hirarsa mai daɗi da kawunsa yake yi, kuma ban ga laifinsa ba.

Ɗan'uwa, idan kana da yaron da har yanzu yake jan rigarka yana tambayar yaushe za ka kai shi, ka rufe shagon rabin yini a makon nan ka kai shi.