Littattafan da Mutanen Akra Suka Ce In Karanta

Wanda ya je Makola neman littafi sai ya yi haƙuri, don kasuwar ta atamfa ce da tumatir da busasshen kifi, ga 'yan matan arewacin Gana masu dako suna ratsa taro da manyan kwanoni a ka, suna kiran a ba su hanya. Sai ka fito bakin titi, wajen makarantar koyon aikin lauya, kafin ka tarar da masu baza tsofaffin littattafai bisa leda, an danne gefunanta da duwatsu saboda iska. Yawancinsu na 'yan makaranta ne, amma ba a rasa tarihin rayuwar wani babba da ya rubuta da kansa. Irin waɗannan nake bi duk garin da na sauka.

Mai littattafan da na tsuguna gabansa bai bari na gama tambaya ba. Ya ce baƙo ba ya farawa da kowa sai Kwame Nkrumah, ya zaro mini littafinsa Ghana, wanda ya fito a 1957, shekarar samun 'yancin ƙasar. Bangon ya ɗaye, an liƙe shi da salatif. Gaskiyarsa kuwa, littafi ne da ya cancanci a fara da shi, ko da yake ni farkonsa ya fi kama ni a kan babukan siyasa. Can ne ake ganin yaron ƙauyen Nkroful da ya tafi Amurka a 1935 aljihu ba nauyi, yana karatu a Jami'ar Lincoln, yana tallan kifi a titunan Harlem, yana leburanci a masana'antar sabulu. Da Turawa suka kulle shi a kurkukun James Fort a 1950, a kan takardar bayan gida yake rubuta wa 'yan jam'iyyarsa ta CPP saƙo, har suka ci zaɓen Fabrairun 1951 yana ciki, aka buɗe masa ya fito ya jagoranci gwamnati. Kurkukun yana nan a Jamestown, daga Makola tafiyar ƙafa ce.

A unguwar Maamobi, wani tsohon malamin firamare da masaukina ya kai ni gaishe shi ya ce Nkrumah na kowa ne, amma shi My First Coup d'Etat na John Dramani Mahama yake ba 'ya'yansa. Littafin ya fito a 2012. Mahama yana da shekara bakwai, yana makarantar kwana a Achimota, sojoji suka kifar da Nkrumah ranar 24 ga Fabrairu, 1966. Aka yi hutu, iyaye suka kwashe 'ya'yansu, shi ba wanda ya zo, don mahaifinsa minista ne kuma an tsare shi, tsarewar da ta wuce shekara. Malamin ya ɗaga littafin, gefen shafukan duk rubutun jan biro, ya ce, "Malam, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. An daɗe ana ba da labarin ɗan arewa, wannan shi ya ba da nasa." Na yarda da shi. Juyin mulki a littafin tarihi kwanan wata ne da sunayen hafsoshi, a nan kuwa yaro ne tsaye da akwatinsa yana jiran uban da ba zai zo ba.

Samarin unguwar Nima, a majalisarsu ta shan ataya bayan isha'i, Malcolm X suke kira. A waya suke karanta tarihin rayuwarsa, kuma babin aikin hajjinsa na 1964 suka fi ambato. Suna alfahari da cewa daga Makka ya biyo ta Akra a watan Mayun shekarar, ya gana da Nkrumah, ya yi lacca a jami'ar Legon. Na ƙara musu da Maya Angelou, wadda ke cikin baƙaƙen Amurka mazauna Akra da suka tarbe shi, ta kuma ba da labarin zamanta a All God's Children Need Traveling Shoes na 1986.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk cikin masu ba ni shawarar nan ba wanda ya ambaci littafin da ɗan zango ya rubuta a kan rayuwarsa. Alhali labari ba a rasa shi ba. Fataken goro ne da malamai suka kafa waɗannan unguwanni. Malam Baƙo, wanda mahaifinsa ya taso daga Katsina, shi ya kafa Sabon Zango. Mahaifiyar Alhassan Ɗantata a Akra ta zauna tana kasuwanci, shi ma ya biyo ta kafin ya koma ya zama attajirin Kano. Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, ya zauna Salaga, ya rasu a Kete Krachi a 1934, ya bar rubuce-rubuce da ajami da Larabci. Ga kuma dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamban 1969, da ta ba marasa takarda mako biyu su fice, ta raba gidajen zango da yawa, miji a Najeriya ko Nijar, mata da 'ya'ya a Gana. Waɗanda suka ga wannan da idonsu suna ƙarewa.

A cikin Makola na zauna wurin wata Hajiya mai sayar da atamfa, tsohuwa sosai, tana zare turmi daga tsakiyar jeri ba tare da na sama sun zube ba. Na tambaye ta littafin da za ta ce in karanta. Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, ni ban yi boko ba. Amma zauna ka ji." Ta ba ni labarin watan Agustan 1979, lokacin da sojojin Rawlings suka zargi matan kasuwa da ɓoye kaya da tsawwala farashi, suka yi wa wasu bulala a bainar jama'a, suka tashi tsohuwar kasuwar da nakiya. Tana budurwa tana taya uwarta tsaron rumfa. Ta faɗi yadda suka dawo suna tona ɓaraguzai ko za su tsinci ragowar jari, da yadda uwar ta sake farawa da bashin turmi kaɗan daga wata maƙwabciya. Filin da ake kira Rawlings Park yanzu, inda motoci ke fakawa, nan rumfunansu suke.

Da na koma wa malamin Maamobi da wannan, sai ni ma na ba shi tawa shawarar, wato Baba of Karo. Baba tsohuwa ce da ta rayu a ƙasar Kano da ta Zazzau, ba ta karatu ba ta rubutu. Mary Smith ce ta zauna gabanta a 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗa: harin masu kama bayi, aure-aurenta, zumunci da ƙawance, zuwan Turawa. Ya fito da Turanci a 1954, da Hausa kuma a 1991 da sunan Labarin Baba. Malamin ya roƙi in aiko masa da na Hausar idan na isa gida, ya ce jikarsa mai karatu a Legon za ta iya naɗar murya da waya, kuma akwai wata gwaggonsa a Sabon Zango da aka raba da mijinta a 1969, da ita za su fara.