Yadda Muka Ga Bayan Hunturun Annoba

Jama'a, kowa ya san hunturu baƙo ne mai zuwa kowace shekara, ba ya aiko da manzo, ba ya kuwa fasa zuwa. Mai hali ya kan tarye shi da bargo da shayi, talaka kuwa da itace da tsumma. Amma hunturun da ya shigo a ƙarshen shekarar 2020 ya sha bamban da 'yan'uwansa, domin ya iske mutane sun rigaya sun galabaita. Ni tela ne a birnin Kano, iyalina mutum bakwai har da mahaifiyata, kuma ba ni da gona, ba ni da albashi, sai keken ɗinki guda ɗaya. Ina so in ba ku labarin yadda muka ga bayan wannan sanyi, ko wani ya tsinci abin da zai amfane shi.

Kafin a gane wahalar, sai an san mafarinta. Cutar korona ta ɓulla a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu 2020, a Legas. Cikin watan Afrilu ta iso Kano, aka hana fita, aka rufe kasuwanni da makarantu, ba a saki gari sosai ba sai farkon Yuli. To, ku duba inda wannan kulle ya faɗa. Ya haɗiye watan azumi da Ƙaramar Salla, watau kakar tela ke nan, lokacin da mu kan kwana bisa keke mu tara abin da za mu ci har wata uku ko huɗu. Ba a yi hawa ba a wannan shekara, Kantin Kwari kuwa yana rufe yawancin kwanaki, saboda haka wanda ya ke da niyyar yanka shadda ma bai sami inda zai saya ba. Mun ɗan sami ɗinkin takunkumin rufe hanci da baki, amma kasuwarsa ba ta daɗe ba. Abin da muka ajiye duka ya tafi ciki tun damina ba ta tsaya ba.

Da kaka ta yi muka sa rai abinci zai sauko kamar yadda aka saba. Ya ɗan sauko, amma ba kamar da ba. Ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi da Jigawa cikin Satumba. Kan iyakokin ƙasa kuwa suna rufe tun Agusta 2019, ba a buɗe na Maigatari da Illela ba sai tsakiyar Disamba 2020. A watan Satumba ɗin nan kuma kuɗin man fetur da na lantarki suka hau, kowa kuwa ya san in mai ya hau, kuɗin mota ya hau, in kuɗin mota ya hau, kwanon gero ba ya zama inda ya ke. Ma'aikatar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba tsadar abinci ta ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100 bisa ta bara. Ma'anar wannan, abin da ka saya naira 100, sai ka ba da wajen 120. Ana cikin haka cutar ta sake tasowa karo na biyu, daidai lokacin da ƙura da mura suka cika gari, har mutum ya yi tari ya rasa ko na sanyi ne ko na annoba.

Abu na farko da muka yi shi ne lissafi. Na sami ɗan littafi, na raba kowane shafi biyu, dama abin da ya shigo, hagu abin da ya fita, ko da na ashana ne. Bayan mako biyu muka zauna da uwargida muka duba. Sai muka ga ashe sayen ƙwarya ƙwarya shi ke cinye mu: man gyaɗa na cokali, sukari na ƙulli, garin tuwo na kowace yamma. Mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi kowa sayen abu da tsada, domin kowane ƙulli da ribar mai ƙullawa a ciki. Saboda haka muka haɗa kai da maƙwabta gida uku, muka tara kuɗi, mutum ɗaya ya tafi Dawanau ya sayo buhun dawa, aka zo aka auna da kwano a gaban kowa. Kuɗin mota ɗaya, ciniki ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, muka bi abin da lokaci ya kawo. Hunturu yana da tasa albarka, domin lokacin ne tumatir da albasa na noman rani ke fitowa daga Kura da Kadawa, su yi araha. Uwargida ta riƙa yanka tumatir tana shanyawa bisa tabarma, iskar hunturu kuwa ba ta ɗaukar kwana da yawa ta mai da shi kauɗa. Miyar kuka da busasshiyar kuɓewa suka zama abokan zama, daddawa ta tsaya a matsayin nama. Tuwon da ya kwana ya zama ɗumame da safe. Wuta ɗaya mu ke hurawa da asuba, a dama koko, a ɗora ruwan wanka bisa sauran garwashin, yara su kewaye murhu su ji ɗumi. Abu ɗaya na hana, shi ne a shiga da gawayi cikin ɗaki a rufe ƙofa, gama hayaƙinsa marar gani ya kan kashe mutum cikin barci.

Na uku, aiki. Da na ga babu mai kawo sabon yadi, sai na ce wa kaina, in mutane ba su ɗinka sabo, lalle suna gyaran tsoho. Na cire kan keken, na ɗora a kafaɗa, na shiga unguwanni ina kaɗa almakashi. Tela mai shago ya kan ga wannan kamar ƙasƙanci ne, amma da babu gara ba daɗi. Na yi faci, na sa zif, na rage wuyan riga, na mai da wandon wa ya zama na ƙane. Masu gwanjo na Ƙofar Wambai su kan ba ni rigunan sanyi masu yage in gyara kafin su baza. Wata rana in komo da abin cefane, wata rana in komo da ƙura kaɗai. Uwargida kuma ta kama suyar awara a ƙofar gida da yamma, ribarta ba yawa, amma ita ta riƙe mana sabulu da man shafawa, waɗanda in babu su ƙafafun yara su kan yi faso har su yi jini.

Ranar da ta fi kowace nauyi ta zo a watan Janairu 2021. Kuɗin haya ya cika, an kuma buɗe makarantu, ga mahaifiyata tana fama da tari. Wani dillali ya zo ya taya keken, kuɗin da ya faɗa kuwa zai biya hayar har ya yi saura. Na shiga wurin tsohuwa na gaya mata. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Kai yaro, in ka sayar da akuya ka ci, ka ci nama. In ka sayar da keke ka ci, ka ci hannunka. Tafi wurin mai gidan nan ka gaya masa gaskiya, bashi hanji ne, yana cikin kowa."

Na tafi da littafina. Na ce, "Alhaji, ga abin da ke shigo mini, ga abin da ke fita. Ba ni da kuɗin shekara, amma ina iya kawo wani abu kowace Jumma'a." Ya juya shafi biyu uku, ya ce, "Malam, da ka ɓuya mini da mun ɓata. Je ka, ka riƙa kawowa." Ya kuma aiko da kayan makarantar 'ya'yansa in gyara, a cire daga bashin. Kuɗin maganin tsohuwa kuwa daga adashin uwargida ya fito, domin matan sun yarda su ba ta ɗauka kafin layinta. Muka kai ta asibiti, aka duba, aka ce ciwon ƙirji ne na sanyi, ta sha magani ta warware.

Kada mai karatu ya zaci dabara ce kaɗai ta fisshe mu. Na san magina da masu tura baro da malaman makarantun kuɗi waɗanda suka fi ni ƙoƙari, amma suka sayar da kayan ɗaki, waɗansu suka mai da iyali ƙauye. Ma'aikatar ƙididdiga ta ce a ƙarshen 2020 mutum ɗaya cikin uku na masu neman aiki ba shi da aikin yi. Wanda ya rasa a irin wannan shekara ba rago ba ne, kuma ba daidai ba ne wanda ya tsira ya yi masa dariya.

Allurar rigakafi ta fara isowa Nijeriya ran 2 ga Maris 2021, sanyi ya riga ya wuce, zafi ya kama. Da azumin wannan shekara ya matso, shadda ta fara dawowa shago kaɗan kaɗan, na gama biyan Alhaji kafin Babbar Salla. Tun daga sa'an nan, kowace kaka na kan sayi hatsi in ajiye tun yana da sauƙi, na kan kuma ware wani abu daga ɗinkin Salla in ƙulle, ba na taɓa shi sai hunturu. Shawarata ga mai sana'a ita ce, ya rubuta abin da ya samu da abin da ya kashe, ya riƙe maƙwabtansa tun ana zaman lafiya, ya fuskanci mai binsa bashi da gaskiya, kuma kome tsanani ya bar kayan aikinsa su zama abu na ƙarshe da zai fita daga gidansa.